Galiya, Sunan da Aka Hana Ni Kira

Ku matso nan, ku masu cewa aikin sanƙira ihu ne kawai. Jiya na ji ɗayanku, wancan mai ɗan gemu irin na bunsuru, yana cika baki wai in aka ba shi lasifika da batir ya gama da sana'ar Ilu. To sannu, gwani. Lasifikar taka ta san wace ce surukar mai jego? Ta san sunan da in an faɗe shi a gida, matan gidan za su rufe fuska su ruga ɗaki? Ba ta sani ba. Ita dai a ɗura mata ta amayar. Ku zauna ku ji, kuma wanda ya taɓa wayarsa ina magana, sai na yi masa kirarin da ba zai auru ba a garin nan.

Na shiga aikin nan shekarar da aka sauke tutar Bature, a hannun Baba Tanimu na Roni, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne gajere, mai faɗan tsiya, amma in ya buɗe maƙogwaro har kaji sai sun watse. Kayan aikinmu ba su da yawa: jakar fata ta goro da ɗanyen ganye a ciki don kada goron ya bushe, ƙullin citta da masoro da kanumfari, 'yar jar kanwa ta tsotsa, babbar riga guda mai kyau, sai keke. Ya hana ni ruwan randa da safe, ya hana ni ƙuli-ƙuli in gobe akwai suna. Kullum hantsi sai ya kora ni kan duwatsun Roni ya ce in yi ta kiran sunayen mata. "Kira Hadiza," in ji shi, "yadda in akwai Hadiza a Gwiwa za ta ajiye taɓarya." Na yi ta kwarara Hadiza, har ran nan wani manomi ya hawo dutsen da gora a hannu yana tambayar wane ɗan iska ne ke kiran matarsa kullum. Baba Tanimu ya ce madalla, murya ta fara nuna.

Doka ta farko da ya ba ni ita ce suna ba nawa ba ne. Uba ya gaya wa liman, liman ya gaya mini, ni in kai wa jama'a. Ba ƙari, ba ragi. Ta biyu, in san gida kafin ranar. Ni ke zagaya gari da goron gayyata, a nan nake tsintar labari. Akwai wani suna da muka yi a Kazaure, uban ya sa wa yarinya Zainabu, sunan mahaifiyarsa, ga tsohuwar da ranta tana zaune a tsakar gida. Duk matan 'ya'yanta ba mai iya furta sunan, ko da wuƙa a wuya. Da Baba Tanimu ya kira Zainabu ga maza, sai ya juya bakin zaure ya ƙara da cewa, "Masu kunya, ga Uwani!" Nan da nan guɗa ta tashi. Da bai ba su wannan ba, da sun yi ta kiran jaririya "ke" har ta yi haƙora.

Sannan dole ka san ma'ana, don ana gama Fatiha wani zai ja rigarka ya tambaya. Wurin malamai muka tsinto, muna tsugune muna jiran a raba goro. A'isha mai rai ce. Fatsima mai yaye. Hafsatu 'yar zakanya, kuma na ga Hafsatun da suka cika sunan har suka yi ragowa. Hadiza kuwa, a asalin Larabci an ce bakwaini ake nufi, amma Baba Tanimu ya ce kada in kuskura in gaya wa uban da ya yanka babban rago, in ce masa dai sunan uwar muminai ne, kuma gaskiya na faɗa. Jamila kyakkyawa. Na kira Jamila a kan jaririyar da, Allah ya yafe mini, in ka gan ta a bakin tafki sai ka matsa mata ta koma ruwa.

Namu na Hausa ba su da wannan fankamar. Ladi ranar Lahadi ta zo, Talatu ranar Talata, Azumi cikin azumi, Marka ana tsakiyar ruwa, Kande kuwa ta biyo bayan maza. Auta ce kaɗai maƙaryaciya, don na san Auta mai ƙanne cike da ɗaki. Fulanin rugagen Yankwashi su lissafi suke yi: ta fari Dikko, mai bi mata Kumbo, sai Fendo, sai Takko, sai Dado. In ka ji sunan yarinya ka san yayyenta mata nawa. Su da nono da man shanu suke sallamar mutum, ka dawo rigarka tana wari mako guda. Barebari kuma suka ɗauki Fatsima suka murɗa ta ta koma Falmata, Yagana tasu kuma ƙaramar uwa ke nan, wato Uwani ɗinmu ce ta sha kitso.

Ni da bakina ba ya zama, har waɗanda ba su kira ni suna ba sai na tambaye su. Wani Ibo mai sayar da kayan keke a Babura ya ce 'yarsa Ngozi, wai albarka. Na yi na yi in kira sunan, hancina ya ƙi ba ni haɗin kai. Matar wani malamin makaranta Ba'indiye Pushpa, wai fure. Matar wani Bature mai duba rijiyoyi Magret, kukunsu ya ce mini lu'ulu'u ke nan. Sai na ga ashe duk duniya hali ɗaya ne. In an haifi mace, ko a ce fure, ko a ce dutse mai tsada, ko a yi addu'a, ko a ƙirga ta. Ban taɓa jin ƙabilar da ta sa wa 'yarta Mai-tsiwa ba, alhali su suka fi yawa.

Shekarar fari ita ce mugunyar shekararmu. Gero ya bushe a tsaye, shanun Fulani suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, mutanen Nijar suka gangaro ta Babura da tabarmi a ka. Haihuwa dai ba ta tsaya ba, amma suna ya koma abin ɓoyo. Uba ba rago, ba goro, sai ya ja liman gefe bayan asuba su gama a zaure, ba wanda ya neme ni. Na sayar da keken, na koma yawo a ƙasa. Abin da ya fi yunwar ciwo, ka kira suna yau, wata bai zagayo ba ka koma gidan gaisuwar mutuwa. A shekarar ban kira Jamila ko ɗaya ba. Sunayen tsoro suka dawo: Barmani, Ayashe, Ajuji. Ku da ba ku sani ba, macen da 'ya'yanta ke mutuwa, wato mai wabi, in ta sake haihuwa sai tsofaffi su kai jaririyar kan juji su ajiye, wata ta je ta ɗauko kamar tsintuwa ta yi, a sa mata suna marar daraja don kada mai ɗauka ya ga abin sha'awa. Wata Bayarabiya mai ɗinki a Kazaure ta ce mini su ma suna da nasu, Malomo, wai kada ki sake tafiya. Su lallashi suke yi, mu kuma wayo muke yi wa mutuwa.

Ana haka sai kuɗin mai ya ɓarke. Wanda jiya ke cin ganye yau ya hau jirgi, ya dawo da rediyo da haƙorin Makka da sabon suna a aljihu. Samira, Nabila, Suhaila. Na sayi sabon keke, na sake koyon lanƙwasa harshe.

A lokacin ne Sale Direba ya aiko mini daga wani ƙauye tsakanin Gwiwa da Roni. Sale babbar mota yake ja wa wani Kwara, wato ɗan Labanan, a Kano, yana kai kaya Ikko. Matarsa Lantana ta haifi mace. Na san gidan sarai, don duk 'ya'yan da suka haifa a baya ni na kira sunansu, kuma duk suna ƙarƙashin ƙasa. Na same shi a gindin motar yana goge madubi. Ya ce, "Ilu, wannan karon sunan da ba a taɓa ji ba a ƙasar nan zan sa. Sunan 'yar maigidana ne, Galiya. Ka san ma'anarsa? Mai tsada. Na gayyato mutane daga Kano. Ina so ka kira shi yadda za a ji a Kazaure."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ai abin da na iya ke nan.

Ranar jajibere da la'asar, na dawo daga rabon goro, sai Iya Tabawa ungozoma ta tare ni a lungu. Tsohuwa ce mai baki kamar barkono, kuma duk haihuwar yankin daga bakinta nake fara ji. Ta ja ni bayan danga ta ce in tsaya. Sai na ji murya ta cikin zana, a hankali.

"Malam Ilu, kai ne?"

"Ni ne, mai jego. Barka da arziki. Allah ya raya."

"Kai ka kira ta farin," in ji Lantana. Har a kabari ba ta yarda ta faɗi sunan 'yar fari ba. "Kai ka kira Habiba. Kai ka kira Safiya. Ina kwance a ɗaki ina jin muryarka tana tsallake danga tana shiga daji. Wanda ya kamata ya ji ya ji, wanda bai kamata ba shi ma ya ji. Ba wadda ta kai yaye."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba, baiwar Allah! Yanzu muryata ce ke kashe miki 'ya'ya?"

"Ban ce ba. Ni dai kada ka kira wannan. Na roƙe shi ya bari a ce Ajuji, ya ce shi ya wuce wannan ƙauyancin. Mai tsada fa ya ce, Malam Ilu. Ka tsaya a ƙofar gida ka shaida wa duniya ga abu mai tsada a ɗakin Lantana? Don Allah, don Annabi, ka bar mini wannan ɗaya."

Sai ta fara kuka irin na wadda ba ta so a ji. Iya Tabawa ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "In ka kira, Ilu, ko akuya ce ta haihu a yankin nan ba za ka sake ji daga bakina ba."

To ga ni. Ni ban yarda murya na kashe yaro ba, har gobe ban yarda ba. Amma tausayin matar nan ya kama ni har cikin ciki. Canza suna kuwa ba hurumina ba ne. In kuma na tsaya a gaban baƙin Kano na yi shiru kamar an shaƙe kaza, Sale zai kore ni da bulalar mota, kuma labarin zai riga ni isa Roni. Na ja kekena na tafi ina zagin ranar da na haɗu da Baba Tanimu.

Da safe ƙofar gida ta cika. Ga motar an wanke ta tana ƙyalli, ga balamin rago ya kusa kai maraƙi, ga mutanen Kano cikin shadda, kowa na ɗaga hannu don a ga agogo. Sale ya sunkuya ya gaya wa liman sunan. Liman Malam Hudu ya ɗaga gira.

"Larabci ne, Allah gafarta Malam," in ji Sale.

"Na san Larabci ne," in ji liman.

Aka kayar da rago, aka yi addu'a, liman ya yafito ni ya ba ni sunan. Na miƙe, na gyara riga, na sa a yi salati ga Annabi. Sannan na saki murya gaba ɗaya a kan Sale. Sale na Ikko, Sale mai hana kwalta barci, angon Lantana, mai ragon da ya fi na kowa! Karnukan ƙauye suka kama haushi. Sale ya kumbura kamar zai fasa riga. Da na zo daidai wurin sunan, sai na tsaya cak, na sassauta.

Na ce, "Jama'a, sunan nan ba irin namu ba ne. Daga gidan Kwara ya fito. Su kuwa can, ranar suna, suna mai tsada ba a watsa shi a iska kamar tallan kananzir. A kunne ake miƙa wa manya, ɗaya bayan ɗaya. Ko ba haka ba ne, Alhaji Sale?"

Sale ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba, amma Alhajin nan ya shige shi. Ya dubi mutanen Kano, suka dube shi. Ya za a yi mutumin da ke cin abinci a gidan Kwara ya ce bai san al'adar Kwara ba? Ya yi gyaran murya ya ce, "Haka ne. Haka suke yi."

Wani mai ƙaton agogo ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙwarai, ni ma na taɓa gani." Allah ya saka wa maƙaryacin nan da alheri duk inda yake.

Sai na durƙusa na bi tabarmi da rarrafe, ina kai bakina kunnen kowa. Wanda na ba wa sai ya lumshe ido kamar an sa masa zuma. Masu jira har miƙo wuya suke. Na zo kan wani tsoho kurma, kawun Sale, na faɗa masa, ya ce, "Me? Ɗaga murya, yaro!" Na sake, ya ce, "Ka ce me?" Sai na cusa masa babban goro a hannu na daka tsawa, "Mace ce, Baba!" Ya ce, "Af, mace. To Allah ya raya," ya koma kan goronsa.

Da na iso wurin liman, shi ya jawo kunnena. "Ilu, ƙarya da sassafe, ko Fatiha ba ta huce ba?"

"Allah gafarta Malam, sunan da ka ba ni shi na bayar. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Rai da ajali na Allah ne. Ka gaya wa matan."

"Zan gaya musu."

Ya ce Allah ya shirye ni, amma bai tona ba. A bakin zaure Iya Tabawa na tsaye. Na gyaɗa mata kai kawai. Ta juya ciki ta rangaɗa guɗa, ta kwaɗa, "Ajuji!" Mata suka amsa gaba ɗaya. Fuskar Sale ta canza, amma mai agogo ya dafa shi ya ce ya ƙyale mata da shirmensu.

Kada ku ɗauka na ci bulus. Labari ya bazu, masu sabon kuɗi a Kazaure suka ce su ma sai irin na Kwara. Shekara da shekaru ina rarrafe a tabarmin mutane ina shaƙar warin kunnuwa. Ciwon gwiwar nan da kuke gani, can na samo shi.

Ba kuma zan ce ni na raya yarinyar ba, Allah ya kiyaye ni da wannan saɓon. Ta yi ƙyanda ta tashi, ta yi tari ta tashi, ta faɗo daga bishiyar kanya ta tashi. Ta girma baƙa, doguwa, mai tsiwar da ba a tare mata hanya. Gari duk Ajuji, makaranta Ajuji. Ubanta ya ƙi jinin sunan, sai yake ce mata Mai-tsada. Waɗanda na ba wa sunan a kunne wasu suka mutu, sauran suka manta. Ko ranar ɗaurin aurenta Lantana ta aiko mini cewa kada in kira sunan tukuna. Sale ya gaya wa liman a hankali, ni kuma na ce 'yar gidan Sale na wuce.

Sai wata rana, tsufa ya fara taɓa ni, aka ce Lantana na nemana. Na ce wa ya haihu? Aka ce ba kowa. Na je da hantsi. Ba taro, ba rago, ba tabarma. Motar ta daɗe da tafiya, Sale na zaune a gindin darbejiya da sanda, ido ya yi rauni. Lantana da kanta ta fito zaure, kai ya yi fari.

Ta ce, "Malam Ilu, Ajuji ta zo ganin gida. Ta yaye nata, ga shi can yana bin kaji da gudu. Yanzu ka kira."

Na dubi Sale, don ban san me ya sani ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kira, ɗan nema. Tun a makon sunan na tambayi Kwaran. Ya ce shi bai taɓa jin wannan shirmen ba."

"Ka yi shiru, ranka ya daɗe?"

"Na dawo da niyyar in karya ka. Sai na shiga ɗaki na tarar tana barci, ita da jaririyar. Rabon da in ga matar nan ta yi barci bayan haihuwa, na manta."

Ban zo da citta ba, ban zo da kanwa ba. Na jingine keke, na tsaya a ƙofar gida, na tattaro abin da ya rage mini a ƙirji. Na kira shi yadda Sale ya so tun farko.

"Galiya! An sa wa yarinya suna Galiya! Allah ya raya Galiya!"

Tattabaru suka tashi daga kan rumbu. Maƙwabta suka leƙo ta danga. Can sai ga Ajuji ta fito da muciya a hannu, fuska a murtuke, ta dube ni.

"Baba Ilu, lafiya kake mana ihu? Ba wata Galiya a gidan nan. Gwada gaba."

Lantana ta zame ta zauna a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba. Ta kama gefen rigata.

"Sake kira, Malam Ilu," in ji ta. "Ban ƙoshi ba."

Na sake kira.